Zanen Bik a Ƙafar Alhaji Garga

Akwai wata Alhamis da har gobe ba ta fita daga raina ba, kuma tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi ina tafinta a asibitin nan kafin in ajiye aiki, ita zan ba ku. Ku da kuka shigo bana, ku bar latsa waya ku saurara, don abin da ya same ni yana nan yana jiran kowannenku a ɗakin duba marasa lafiya.

Sunana dai kun san shi, Isiyaku, amma a lokacin ba mai kirana da shi. Malam Ƙamus ake ce min, kuma wallahi ina jin daɗin sunan. Kakanmu falke ne daga Kano, ya zo Garwa da goro da tufafi ya zauna, uwata kuwa Babarbariya ce 'yar Kolofata. Ina yaro aka tura ni Yola wurin baffana, can na yi sakandare, shi ya sa na dawo da Ingilishi a garin da kowa ke fama da Faransanci. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake tara salon maganar Ingilishi a ciki, irin waɗanda in ka fassara su kalma-kalma sai a ce ka zautu. Na haddace wadda ake cewa sama na zubar da kyanwoyi da karnuka in ana sheƙa ruwa, na haddace wadda ake cewa mutum ya shuri bokiti in ya mutu, shafi bayan shafi, ina burge mutane da su a wurin mai shayi. A lokacin shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki da Turawan Ingila, ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci kyanwa ko bokiti ba. Waɗanda suka kusa sa in kashe mutum ƙananan kalmomi ne da ban taɓa ganin sun isa a rubuta su ba.

Ga yadda aikin yake a lokacin, saboda waɗanda ba 'yan gida ba. Mara lafiya zai sayi karne a ƙofa, wato ɗan littafin da ake rubuta masa ciwonsa da maganinsa, wanda yake tafiya da shi gida. Daga nan sai wurin majo, shugabar ma'aikatan jinya, ta auna zafin jiki da hawan jini ta jera mutane. Majonmu Madam Ngum ce, 'yar Bamenda, gajeriya mai faɗa, ta riga ni zuwa asibitin da shekara uku. Sannan a shiga wurin likita. Likitanmu Dakta Filip ne, dattijon Bature ɗan Ingila, Faransancinsa na gaisuwa ne kawai, Fulatanci da Hausa kuwa ko ɗigo babu. Ni nake tsayawa a hagunsa. Muna da doka guda da aka liƙa a bangon ofis, an aiko da ita daga Yawunde bayan wani tafinta da ya riga ni ya riƙa ƙara wa mutane magani daga kansa: kada ka ƙara, kada ka rage, abin da aka faɗa shi za ka faɗa. Na riƙe dokar nan gam. In wani ya ce in ɗan gyara maganar likita, bango kawai nake nuna masa.

Ranar da nake ba ku labari bazara ce, irin zafin Garwa da fanka ma wuta take hura maka, saura kwana goma sha biyu babbar salla. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka shigo da Alhaji Garga, Bafulatani dillalin shanu daga Jambutu, dogo, ya kai shekara saba'in, yana da ciwon suga. Sa ne ya taka shi a tike, kasuwar shanu, kwana tara kafin nan. Yana dogara sanda amma ya ƙi yarda a riƙe shi. Wanda ya rako shi Umaru ne, mijin 'yarsa Hadiza, wanda ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da buta da jakar Alhaji, kai a sunkuye, ko zama bai yi ba.

Alhaji ya san dangin uwata. Yana ganina ya ce ashe Babarbare aka ba shi ya yi masa tafinta, to yau sai abin da Allah ya yi, don Babarbare ko gaisuwa ka ba shi ya kai sai ya cinye rabi a hanya. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani, komai girman mutum in ka same shi ka faɗa masa abin da ka ga dama, shi ma haka, ba mai fushi. Da a kasuwa ne da na rama har sai ya nemi ruwan sha. Amma ina sanye da farar riga, ga Bature a gefe, sai na ɗaure fuska na ce masa nan wurin aiki ne. Ya dube ni ya ce to madalla, bai sake wasa ba. Wannan ne kuskurena na farko, ban kuwa gane ba sai da rana ta take.

Dakta ya tambaya ko ƙafar na ciwo. Alhaji ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Na mayar wa Dakta cewa ya ce ya ji sauƙi. Ya tambaya ko yana samun barci, ya ce daidai gwargwado. Zazzaɓi fa? Ya ce ɗan abin da ba a rasa ba. Duk na mayar yadda aka faɗa. Amma ai ina da ido. Na ga gumin da ke tsattsafo masa ba na zafin gari ba ne, na ga yadda ya damƙe hannun kujera har jijiyoyinsa suka tashi, kuma duk turaren da ya fesa bai rufe warin da ke tashi daga safar ba. Na kuma san dalili sarai. Dattijon Bafulatani ba zai ce wayyo a gaban surukinsa ba ko yanka shi ake yi, Umaru kuwa ba zai buɗe baki ya ce Baba ba ya barci ba, don wannan tona asiri ne. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san haka. Dakta ne kaɗai bai sani ba a ɗakin, ni kuma da aka ɗauka aiki don in sanar da shi na ja bakina na yi gum, saboda ba a faɗa ba, kuma bango ya ce kada in ƙara.

Da aka zare safar, ƙafar ta kumbura tana ƙyalli, yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi, ja ya hau bayan ƙafar. Dakta ya daɗe yana dubawa yana latsawa a hankali. Sai ya zaro bik, wato biro, daga aljihu ya zana layi a kan fatar, ya zagaye iyakar inda jan ya tsaya. Alhaji ya yi murmushi ya ce yau an mai da shi allo. Dakta ya cire tabarau ya goge, ya yi magana da muryar nan tasa mai sanyi kamar mai tambayar farashin tumatir.

"I am a little concerned about this foot."

Na ce, "Baba Alhaji, likita ya ce ya ɗan damu da ƙafar nan."

Fassarar ba ta da aibu. A little ɗan kaɗan ke nan, ku duba kowane ƙamus. Dakta ya ƙara da cewa you might want to stay with us for a few days, na ce wa Alhaji in ya ga dama yana iya kwana biyu a wurinmu. Alhaji ya yi godiya, ya ce yau da azahar zai hau mota zuwa Maiganga, shanu na can suna jiran a loda su zuwa kudu kafin salla, in ya dawo in sha Allahu zai zo ya kwanta har sai likita ya gaji da shi. Dakta ya ce I would rather he didn't travel. Na ce likita ya fi son kada ka yi tafiyar. Alhaji ya ce shi ma ya fi son haka, tsufa da doguwar hanya ba sa shiri, amma ya za a yi.

Dakta ya juyo ya tambaye ni ko Alhaji ya fahimta. Na ce ya fahimci duk abin da aka faɗa, har da ɗan ɗaga kafaɗa na faɗe ta. Daidai nan aka turo ƙofa aka ce an kawo wata mai naƙuda jini ya ɓalle mata. Dakta ya yi rubutu da sauri a takardar asibiti, ya ce in ce wa Alhaji ya ɗan yi tunani, yana dawowa, ya fita. Na faɗa masa. Alhaji ya yi tunaninsa na minti biyu, ya mai da safa, ya karɓi karnensa, ya ce in gaida likita. Har bakin ƙofa na raka shi ina yi masa addu'ar Allah ya kiyaye hanya.

Ƙarfe ɗaya da rabi ina ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida ina cin shinkafa da wake, Madam Ngum ta fito riƙe da takardar, ta ce ina mai ƙafar, ta gyara gado ta sa an dafa kayan tiyata. Na ce ya tafi Maiganga. Ta tsaya cak. Ta ce in maimaita mata abin da Dakta ya faɗa da bakinsa, na maimaita da Ingilishi har da kwaikwayon muryarsa, sannan na faɗa mata yadda na fassara. Ita Ticha take ce min, in ranta ya ɓaci kuma sai ta haɗa Ingilishinsu na Bamenda da Fulatancin kasuwa ta kwara maka.

"Ticha, shekara nawa kana tsaye kusa da mutumin nan? In ya ce abu ya yi muni ƙwarai, to sauro ne ya cije shi ko shayinsa ya huce. In ya ce a little concerned, ka nemo likkafani."

Na ce ni ba a ɗauke ni in fassara abin da ke zuciyar Bature ba, na nuna mata wajen ofis inda dokar take. Ta ce in je in ɓanɓaro dokar in ɗaura wa Alhaji a ƙafa. Ta buɗe takardar a fuskata. Rubutun Dakta kamar sawun kaza yake amma na karanta: ruɓa ta shiga, tana hawa, a kwantar yau, a yi aiki yau. Abin da ya rubuta wa 'yan'uwansa ma'aikata ke nan, babu a little, babu might. Ta ce mutanen nan haka aka rene su, in magana ta yi nauyi sai su rage mata murya, don a wurinsu tsorata mara lafiya ko ba babban mutum umarni rashin ladabi ne. Abin da na mayar in ka ga dama, a bakin likitan Ingila umarni ne, ladabi kawai aka lulluɓa masa. Da ɗan'uwansa Bature ya faɗa wa, yana ji zai aika gida a kawo masa kayan kwana.

Na ajiye kwanon shinkafar. Ina nan tsaye Dakta ya fito daga ɗakin haihuwa yana goge hannu, ya tambayi Alhaji. Madam ta faɗa masa. Kunnuwansa suka yi ja, ya dubi agogo, ya ce a hankali, "Oh dear. That is rather unfortunate." Da jiya ne da na ce cewa ya yi abin bai yi daɗi sosai ba. A ranar kuwa, karo na farko ke nan da na ji maganarsa da nauyinta. Na ce masa don Allah ya ajiye ladabi ya faɗa min kamar yana faɗa wa ɗan shekara biyar. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a kasuwa, sannan ya faɗa. In Alhaji ya wuni a mota ƙafar na rataye a zafin nan, kafin Asabar sai dai a yanke ta daga gwiwa, in kuma ruɓar ta shiga jini ba lalle ya ga salla ba.

Lambar da ke rajista ta Hadiza ce. Na kira ta, ta ce daga asibiti ajans suka wuce, wato tashar manyan motocin kudu, ta faɗa min wacce, ta ce Baba ba ya ɗaga waya in yana kan hanya. Ta ce ko ta ba ni lambar Umaru. Na ce ta bari. Me Umaru zai yi? Ya hau mota ya ce wa surukinsa sauko? Ƙasa ta tsage ya shige ya fi masa sauƙi. Madam ta ce motar azahar ba ta wuce ƙarfe biyu, kuma daf da salla ba ta jiran kowa. Saura minti ashirin. Akwai mutane a kan benci suna jiran a shiga da su, amma ban nemi izinin kowa ba, ban ma cire farar rigar ba, na tada moto, wato babur ɗina.

Ban san yadda na ratsa kasuwa ba. Abu biyu ne ke juya min a kai. In motar ta haye gadar Binuwai ta miƙi hanyar Gaundare, tsohon moton nan nawa ba zai kamo ta ba. In kuma na same shi, me zan ce? Gaskiya tsirararta a gaban mota cike da mutane, ga suruki a tsaye, Alhaji murmushi zai yi ya ce Allah ya fi mu sani, ya gyara zama. Na san irinsu, ba a sauke su da tsoro a bainar jama'a. Na yi ta juya jimloli da Hausa da Fulatanci, kowacce na ɗauko sai in ji ta yi laushi irin na Dakta, ko ta yi tsauri ta zama cin fuska. Ni da ake kira Ƙamus na rasa jimla guda.

Na iske an gama ɗaure kaya an ja tamfol, inji na aiki, direba ya zauna, ɗan kamasho na kiran sunaye na ƙarshe. Alhaji na kujerar bayan direba ta jikin taga, ya rufe ido, leɓunansa sun bushe. Umaru na ƙasa daidai tagar, har yanzu da butar a hannu. Da shi na fara. Na ce ya ruga kantin maganin da ke tsallaken titi ya sayo bandeji, likita ne ya aiko, kada ya dawo sai da shi. Ƙarya ce, Allah ya yafe min, so nake ya bar wurin. Ya tafi da gudu.

Na ƙwanƙwasa gilashi na gaida Alhaji da ladabi, na ce likita na da saƙo, ya ɗan sauko. Ya ce in faɗa daga nan, ai mota za ta tashi. Na ce maganar ta sirri ce. Ya ce shi da likita sun gama magana, likita ya ce ya ɗan damu, shi ma ya ɗan gode. Direba ya danna ham. Ɗan kamasho ya ce malam likita a matsa daga jikin mota. A nan ne na tuna wasan da na yar da safe. Na cire farar rigar na rataya a kan moto, na ja da baya inda duk motar za ta ji ni, na ɗaga murya.

"Jama'a ku shaida, ga bawana nan ya gudo daga asibiti! An nuna masa allura ya ranta a na kare. Dama Bafulatani jarumtarsa a bayan saniya take. Garga, in ka isa ka sauko ka fuskanci ubangidanka."

Motar ta ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce Babarbare ne ko, aka ce mata shi ne, ta ce to Alhaji sai ka sauka, ba a barin wannan ta kwana. Direban ma Bafulatani ne, ya ɗauke hannu daga ham ya ce wallahi ba zai tashi ba sai an rama musu. Alhaji ya buɗe ido ya dube ni. Na ga ya gane ba wasa ne ya kawo ni ba, na kuma ga ya gane na buɗe masa ƙofar da zai fita ba tare da wani ya ce ciwo ne ya sauke shi ba. Ya ce a ba shi hanya ya je ya koya wa bawan nan hankali. Matakala uku ce a motar, ya yi kusan minti guda yana sauka, yana zagin Barebari tun daga Kolofata har Borno.

Na kai shi bayan rumfar salla inda ba kowa, na zaunar da shi a kan benci. Na durƙusa, ban nemi izini ba na zare safar. Layin bik ɗin na nan shuɗi, amma jan ya tsallake shi, ya haura da faɗin yatsu biyu zuwa idon sawu. Awa biyu da rabi ke nan da zana shi. Na ce ya duba da idonsa, ya duba.

Na ce, "Baba, 'ɗan' ɗin nan na 'ya ɗan damu' da na faɗa maka da safe, ka zubar da shi. Abin da likita ke nufi, in ka hau motar nan za a yanke ƙafar daga gwiwa kafin Asabar, ko a dawo da kai Jambutu a makara. Su haka suke magana, ni kuma na kawo maka kalmomin na baro nauyin a ɗakin. Laifina ne."

Tun da nake ban taɓa faɗa wa dattijo magana irin wannan ba. Ya ƙura wa layin ido. Can ya ce da Fulatanci, ƙasa-ƙasa, kwana huɗu ke nan bai runtsa ba, rawaninsa yake cusawa a baki kada mutanen gida su ji. Sannan ya ce, "To a gaban mijin Hadiza zan faɗi wannan?" Na ce na sani, tun da safe na sani. Ya ce to da ka sani me ya hana ka faɗa wa Baturen? Ai ba zan iya ce masa bango ne ya hana ni ba.

Direba ya sake danna ham, wannan karon mai tsawo. Alhaji ya dubi wajen motar, ya dubi ƙafar. Shanun nan ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai na mutanen da suka ba shi amana, kuma shekara arba'in yana sana'ar bai taɓa aika wani a madadinsa ba. Na ga yana laluben sandarsa, na ce shi ke nan zai hau. Na riga na yanke a raina in ya hau ni ma zan hau, in yi ta zaginsa har Maiganga. Sai ga Umaru ya dawo da bandeji yana haki. Alhaji ya yi maza ya saki babbar rigarsa ta rufe ƙafar, ya gyara zama, murya ta koma daidai kamar ba shi ba. Ya zaro tikiti ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Ya ce Babarbaren nan ya tsare shi da wata shari'a, shi ya hau ya je ya ga an loda shanun, ya faɗa masa sunan wanda zai nema a can. Umaru ya karɓa hannu biyu ya ce to Baba. Da zai wuce ta gabana ya ajiye butar, ya kama hannuna ya matse har sai da na ji zafi, idonsa ya ciko. Ashe Hadiza ta faɗa masa komai tun kwana uku, ya rasa bakin da zai faɗa da shi.

Na bar moton a ajans na samo mota ta mai da mu. Kafin la'asar Dakta ya zo bakin gadon da takardar yarda da tiyata, ya fara da cewa we may have to lose a toe or two. Na ɗaga masa hannu na ce Dakta, wataƙila ne ko tabbas, ɗaya ne ko biyu? Ya ce biyu, tabbas. Na juya na ce Baba, yatsu biyu za a yanke yau, ƙafar kuma ana sa ran za ta tsira. Alhaji ya ce a yanke, dama ba da su yake ƙirga shanu ba, ya dangwala hannu. Sati uku ya yi a wurinmu, a kan gado ya yi salla, Madam Ngum ce ta kai masa naman layyarmu tana yi masa faɗan kada ya taɓa abin zaƙi.

Ranar Litinin shugaban ma'aikata ya ba ni takardar tuhuma, cewa na bar wurin aiki ba izini marasa lafiya na jira, na kuma ƙara a kan maganar likita. Duka biyun gaskiya ne, na amsa, aka ja min kunne aka sa takardar a fayil ɗina, tana nan har na ajiye aiki. Da yamma Dakta ya wuce ni a baranda, ya ɗan tsaya, ya ce not bad at all, Isiyaku, ya yi gaba. Na ji haushi, duk wannan gudun a ce wai ba laifi. Na je na kai ƙara wurin Madam, ta kwashe da dariya ta ce shekara goma sha huɗu tana jiran ya faɗa mata haka bai faɗa ba. A ranar na juya littafina mai baƙin bango na fara sabon sashe daga baya, na ƙananan kalmomi, kowacce da wanda ya faɗe ta da abin da ya faru bayan ya faɗa.

Dokar tana nan a bango, ban ce ku yage ta ba, don mai ƙara wa mutane magani daga kansa ma an yi shi a nan. Amma ku sani, mutanenmu in ciwo ya yi tsanani rage shi suke yi don kunya, likitocin nan kuma in magana ta yi tsanani rage ta suke yi don ladabi. Kai da ke tsakiya in ka miƙa kowacce yadda ta zo, sai su rabu suna yi wa juna godiya, mutum ya je ya mutu a hanya, takardarka kuma ba kuskure ko ɗaya. In likita ya ce kaɗan, ka tsaya ka tambaye shi kaɗan ɗin nawa ne, ba zai cije ka ba. Kafin ka buɗe baki ka dubi wanda ke tsaye a bakin ƙofa, in suruki ne ka nemo masa aike. In kuma dattijo ya jefo maka wasa, ka cafe, don wata rana ita ce kaɗai hanyar da za ka samu zuwa wurinsa.

Alhaji Garga na nan da ransa, ya haura tamanin. Duk Juma'a da ƙafarsa yake zuwa masallaci, kuma ta ƙofar gidana yake bi ko da yake zagaye ne a gare shi. Sai ya tsaya ya buga ƙyauren da sanda, ya faɗa wa duk mai wucewa cewa nan ne gidan Babarbaren da ya cinye masa yatsu biyu. In fito in rama, mu yi ta yi har a kira salla. Amma in ya juya zai tafi ba na shiga gida nan da nan. Tsayawa nake ina kallon ƙafar, daidai gwiwa, har sai ya sha kwana.